Ranar da Laka ta Riƙe Ture-Kuka

Ƴaƴana da jikokina, na gaji da jin labarin nan a karkace. Ko a sunan da aka yi kwanan baya na ji wani maroƙi yana ta zuba, wai a shekarar babban fari mahaifinku ya shiga laka har wuya, ya sa kafaɗa ya ɗago saniya mai ciki ya dire ta bisa tudu, ko nishi bai yi ba. Kuna ta washe baki kuna yi masa kyauta. Ni kuwa sai da na cusa bakin mayafi a baki, don dariya ta kusa tona ni. Mu huɗu ne manya a wurin ranar nan, ban da saniyar. Uku sun koma ga Allah, Allah ya jiƙansu, saura ni kaɗai, haƙora ma sun fara sallama. Saboda haka ku matso ku ji yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

Mahaifinku dai har yau bakina bai iya sunansa ba, amma sunan da makaɗa suka ba shi a fagen kokawa kowa ya san shi: Ture-Kuka. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, ba na rage masa ko kaɗan. Illarsa ɗaya, yana ganin duk abin da ya ƙi motsi a duniya ƙarfi ne bai ishe shi ba. Daga wajen Agiye aka kawo ni gidansu, wani ɗan ƙauye kusa da Gidan Sori, shi ya sa har ya rasu Ƴar Agiye yake ce mini. Na tarar da uwarsa, Inna, Bagobira gajera mai kaifin baki, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba don shi ne ɗan farinta. Na kuma tarar da ƙanwarsa Tsahara, abokiyar wasata, wadda ko a gidan makoki sai an zungure ta take rufe baki.

Saniyar kuwa ba tamu ba ce. Akwai wani Bafillace mai suna Buba da ke sauka da shanunsa a gonarmu kowace kaka, su ci kara su bar mana taki. Abota ta yi ƙarfi tsakaninsa da mahaifinku har ya ba shi habbanaye. Ku na yanzu ba lalle ku san shi ba. Mutum zai ɗauko karsana daga garkensa ya ba amininsa aro, ta zauna a hannunka ka sha nono, ƴaƴan da ta haifa naka ne, daga baya ka mayar masa da uwar. Fulani sun fi kula da saniyar habbanaye a kan tasu ta gado, don idan ta mutu a hannunka da sakaci, ba wanda zai ce ka biya, amma kai da ɗaga kai a gaban mai ita sai a lahira. Sunanta Wule, ja ce mai farin goshi. Ranar da Buba ya kawo ta, ya riƙe kunnenta ya ce da Hausarsa ta Fulani:

"Wannan, uwarta ta shayar da ni, kakarta ta shayar da babana. Ka riƙe ta da kyau, aboki."

Sai fari ya zo. Damina ta yi ƙarya, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Buba ya kora garkensa kudu, ya tsallaka iyaka neman ciyawa, muka daina jin ɗuriyarsa. Wule ta rage a hannunmu, ga ta da ciki. Abin da saniyar nan ta ci a shekarar nan, in na lissafa sai ku ce zolaya nake. Ta cinye jinkar rumbu, don dama rumbun ba komai a ciki. Ta cinye zanar da ta kewaye gidan, har mai wucewa yana ganin abin da ke cikin tukunyarmu, ko da yake ba wani abin gani a ciki. Mahaifinku yana hawa gawo yana kakkaɓo mata ƴaƴa, ni ina rage dusar da za mu dama in ba ta. Rijiyar gari kuwa ta yi ƙasa ƙwarai, tun asuba mata ke layi, guga ya sauka ya dawo da rabin ruwa rabin yashi. Dabbobi sai tabkin fadama, shi ma ya janye ya janye har ya koma ɗan kore-kore a tsakiya. Kewayensa laka ce mai mugun hali: sama ta bushe ta tsattsage kamar za ta ɗauki raƙumi, ƙasa kuwa ruɓuɓɓiya ce, ba wanda ya san iyakar zurfinta.

Ranar nan da hantsi Wule ta tsinke igiya ta nufi ruwan nan kai tsaye. Ɓawon laka ya fashe da ita, ta nutse har ciki. Kafin ka ce me, mazan gari sun taru. Aka jefa igiya aka zarge ƙahoninta, mahaifinku a gaba, ana ba da baki ana fizga gaba ɗaya. Kowace fizga sai wuyan saniya ya miƙe, idonta ya firfito, amma ƙafafunta ko gezau. Ita kuma tsoro ya sa tana ta shure-shure, tana ƙara shigewa. Ana cikin haka sai ga mahaucin garinmu ya iso da wuƙarsa a hammata, ya tsuguna a gindin wata bagaruwa yana wasa ta a kan dutse, yana kallon Wule yadda mai azumi ke kallon rana. Ba na zarginsa, mutane sun manta ɗanɗanon nama. Ya ce:

"Ture-Kuka, a yanka ta tun tana halal. In ta kai la'asar cikin rana haka, mushe za a yi, kowa ya yi asara."

Mahaifinku ya ce, "Ba tawa ba ce balle in yanka. Amana ce."

Suna wannan ja-in-ja sai wani ya zo a guje yana ihu, wai kamyo, babbar motar kayan taimako, ya sauka Gidan Sori ana rabon jar dawa, kuma sai maigida ya je da kansa ake ba shi. Kai! Ka ga maza sun saki igiya kamar ta yi zafi. Mahauci ma ya soke wuƙarsa ya ce zai dawo bayan azahar, a yi shawara kafin nan. Mahaifinku ya bi su da kallo, ya dubi Wule, ya zauna. Ya san in ya tafi, ungulu za su fara da idonta kafin ya dawo.

Ni duk wannan daga baya na ji shi, ina gida da babbarku a goye. Da rana ta take na dama ƴar hura, irin ta shekarar nan wadda kana iya ganin fuskarka a cikinta, na ce wa Tsahara ta raka ni mu kai masa. Muna isa bakin tabki muka ga babu kowa a tudu. Can sai muka hango shi a bayan saniya, laka ta kama shi har cinya. Ashe da ya ga ba kowa, sai ya ce bari ya shiga ya ɗago ta ta baya shi kaɗai. Yana ta yunƙuri, jijiyoyin wuyansa sun tashi, in ya ja ƙafar dama sai ta hagu ta ƙara nutsewa. Tsahara ta dube shi, ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki.

"Wayyo ni! Yaya, wa ya shuka ka? Ka bari a yi ruwa tukuna mana!"

"Tsahara, in na fito sai na karya ki."

"To fito ɗin!"

Ni ban yi dariya a fili ba, ina amarya-amarya, amma Allah ya sani cikina ya yi ciwo. Ya ce mu miƙo masa igiya mu ja. Muka ja, shi ma yana fizga, ba abin da ya motsa sai zufa. A nan ne abin ya faɗo mini. Duk macen da ta taɓa kirɓa hura ta san wannan rigimar. In dawo ya yi danƙo ya kama taɓarya, ka fizge ta da ƙarfi, turmin ne gaba ɗaya zai biyo ka. Ba nauyi ne ke riƙe ta ba, tsotso ne, don babu ta inda iska za ta shiga ƙarƙashinta. Sai ka murɗa ta, ka karkata ta gefe, ka yayyafa ruwa ya bi jikinta ya sauka, ka ɗago a hankali, sai ka ji ta saki da kanta. Na ce a raina, ƙafar saniya da taɓarya ai duk tafiyarsu ɗaya. Na bar Tsahara tana tsokanarsa, na ruga gida.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ruwa. Na tsakiyar tabki ba mai iya kai wa gare shi, rijiya kuwa an kwashe ta sai gobe. Ruwan da ke akwai shi ne wanda muka yi layi tun asuba muka samo, yana cikin randar Inna da tuluna biyu, shi ne shanmu, shi ne girkinmu, shi ne alwalarmu. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata komai a tsorace, don a shekarar nan ko yaro ya zubar da moɗa guda sai ya sha duka. Inna ta kalli randar. Ta dubi jaririyar da ke bayana. Sannan ta ce da Gobirancinta:

"Ke ɗiyar ga, kin tabbata?"

Na ce, "Inna, ban tabbata ba. Amma haka taɓarya take yi."

Ta cika ƴar ƙwarya guda ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gado, ta ce wannan na mai shayarwa ne. Sannan ta miƙe ta ɗaura ɗamara.

"Mi muka jira? Ciro ƙyauren ga. Ɗauko taɓarya, dama ta daɗe ba ta ga aiki ba."

Haka muka yi ta jigila, ni da Tsahara da tsohuwa: ƙyauren ɗakin Inna, gadona na kara, tabarmi, tuluna, da taɓaryata ta aure wadda uwata ta sa aka sassaƙa mini. Muka shimfiɗa gado da tabarmi a kan ɓawon laka. Inna ta hana kowa takawa a tsaye, ta ce mu kwanta mu ja ciki, don laka tana haɗiye abin da ya tsaya a tsini ne, abin da ya baje ba ta iya shi. Ka ga matan aure suna jan ciki kamar ƙadangaru, Tsahara tana cewa in wani ya gan mu ta bar garin. Da muka isa, mahaifinku ya miƙo hannu, yana zaton shi za a fara fitarwa. Inna ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kai kana da bakin yin ƙara, kana iya jira. Wagga baiwar Allah ita anka ba mu amana."

Na rufe wa Wule ido da ɗankwalina don ta daina shure-shure, Inna tana shafa wuyanta tana yi mata magana. Na soka taɓarya a jikin ƙafarta ta gaba, na tura har ƙasa, na yi ta juya ta ina buɗa rami, Tsahara tana tsiyaya ruwa a hankali yana bin taɓaryar. Wallahi ina jin zubar ruwan nan har cikin maƙogwarona. Da farko ba abin da ya faru. Sai laka ta fara saki, ta koma kamar kunu, na zura hannu har kafaɗa na kama ƙafar, ina girgiza ta kaɗan-kaɗan, ina ɗagowa kamar mai tsoron tada barci. Can sai muka ji wani ɓul, kumfa ta taso, ƙafa ta fito. Muka lanƙwasa ta muka ɗora a kan ƙyaure don kada ta koma. Tsahara ta rangaɗa guɗa, Inna ta ce ta yi mana shiru, saura uku.

Ta biyu ba ta ba mu wuya ba. Na baya ne suka ci ruwa, don sun fi nutsewa, kuma a nan mahaifinku ya yi amfani, tunda dama a wurin aka dasa shi. Na miƙa masa taɓarya, ya karɓa ya fara caka ta da ƙarfi kamar mai haƙar rijiya. Na ce:

"A hankali dai, maigida. Juyawa ake yi."

Ya harare ni, amma ya juya. Muna kan ƙafa ta ƙarshe Tsahara ta leƙa tulu ta ce saura ɗan kaɗan, ba zai ishi saniya ya ishi Yaya ba. Rana ta karkata, mahauci yana hanya. Ku ji wannan da kyau, don shi ne abin da maroƙa ya kamata su riƙa faɗa. Mahaifinku bai ko yi tunani ba ya ce:

"Zuba mata. Ni in na kwana nan ba wanda zai yanka ni."

Muka zuba mata har ɗigon ƙarshe. Muka kwance igiya daga ƙaho, don ta nan ake karya wuyan dabba. Muka cire gyautunanmu muka ƙulla su, muka zagaya ta ƙirjinta, muka ɗaura igiyar a jikinsu, muka karkata ta ta kwanta da haƙarƙari a kan ƙyaure. Mu uku muka koma tudu muka riƙe igiya, ba fizga, ja ɗaya mai tsawo kamar ana jan guga cike, shi kuma ya sa kafaɗa yana turawa ta baya. Ƙyaure ya fara zamewa a kan laka, yana tafiya yana tsayawa, har Wule ta iso busasshiyar ƙasa. Ta kwanta tana haki, can ta yunƙura ta tashi, ƙafafu suna karkarwa. Inna ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Saura gwanin kokawa, wanda turin nan ya ƙara shigar da shi har ƙugu. Ruwa babu. Tsahara ta ɗauko ƙwaryar hurar nan da muka manta a gindin bagaruwa ta ce, ai dama tasa ce, ko ta sama ko ta ƙasa duk jikinsa za ta shiga. Muka buɗa rami da taɓarya, muka tsiyaya masa hura a ƙafafu. Inna ta sa ya kwanta rigingine a kan tabarma kamar jariri, yana motsa ƙafa ɗaya a hankali. Da ta fito, ya rasa abin takawa, sai na gitta masa taɓaryata ya dafa gwiwa a kai. Ya fito, taɓarya ta shige ƙasa. Ba ita kaɗai ta tafi ba. Wandonsa ya tsaya a can, da gurunsa na kokawa mai layu wanda yake cewa shi ne sirrin ƙarfinsa. Inna ta jefa masa mayafinta ta kau da kai, ya ɗaura shi irin ɗaurin shiga fage.

Muna jin hayaniyar maza daga nesa muka kwashi ƙyaure da tuluna muka bi ta bayan gari, don ba mu da gyauto, ga laka har gira. Abin da mutane suka tarar shi ne Wule a tsaye, da Ture-Kuka shi kaɗai cikin ɗamarar kokawa, laka tun daga kai har ƙafa. Mahauci ne ya fara kabbara. Kafin magariba labari ya kai har garin Cadakori. Mahaifinku ya shigo gida yana sunkuyar da kai, ya ce gobe zai faɗa musu gaskiya. Inna ta ce:

"Kak ka soma. Garin ga ya daɗe bai samu abin murna ba. Ku kuma, in na ji bakin ɗayanku, ni da ita."

Abin ya ci mana, kada ku ɗauka wasa ne kawai. Rabon dawa ya wuce mu, mun daɗe muna cin tafasa da ganyen jiga kafin wani ya sake zuwa. Ranar nan da taimama muka yi salla, muka kwana da ƙishirwa, harshe kamar fata. Ƴar ƙwaryar da Inna ta ɓoye ita na riƙa kurɓa don nono ya zo wa babbarku. Daka kuwa sai aron taɓarya a maƙwabta. Amma wani abin mamaki, tunda guru ya tafi mahaifinku bai sake faɗuwa a fage ba, don duk wanda aka haɗa su sai ya karaya, yana tuna mutumin da ya ɗaga saniya.

Wule ta haifi ƴar maraƙa mai farin goshi irin nata. Bayan ruwa ya dawo an yi girbi, wata rana da yamma sai ga wani mutum a ƙofar gida, ramamme, daga shi sai sanda. Sai da ya yi sallama muka gane Buba ne. Garken nan duka ya ƙare a hanyar kudu, ko ɗan maraƙi bai tsira ba. Ya zauna a tabarma ana ta gaisuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya tambayi gona, amma bai tambayi saniya ba, don a ganinsa wanda ya rasa ɗari ba zai tambayi wanda aka bar wa ɗaya ba. Mahaifinku kuwa sai murmushi yake yi. Can Wule ta jiyo muryarsa daga bayan ɗaki. Ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Buba ya saki ƙwaryar ruwan da muka ba shi. Ya kira ta da Fillanci, sai ga ta ta taho da turke a wuya, ta sa goshi a ƙirjinsa. Babban mutum ya rungume wuyan saniya yana kuka, mu ma duk muka kama.

Da zai tafi da Wule ya ce maraƙar tamu ce, haka al'ada take, ko kusa ba zai taɓa ta ba. Mahaifinku ya kama kunnen maraƙar, yadda Buba ya taɓa kama na Wule, ya ce:

"Na sani tawa ce. Habbanaye na ba ka. Ka riƙe ta da kyau, aboki."

Shanun da kuke gani jikokin Buba suna saukewa a gonarmu kowace kaka, duk daga waɗannan biyun suka fito.

Buba ya ji labarin kafaɗa a kasuwa kamar kowa, amma shi a bayan shanu aka haife shi, ya san ba a fitar da saniya daga laka da ƙarfi. Ban san abin da suka faɗa da mahaifinku a hanyar rakiya ba. Na dai san da kaka ta zagayo, ya zo da sabuwar taɓarya ta icen ƙirya a kafaɗa, ya wuce mazan da ke zaune a ƙofar gida, ya ajiye ta a gabana, ya durƙusa ya gaishe ni, bai ce komai a kanta ba. Ita ce wadda ke jingine a bayan ƙofata, wadda ɗayanku ya ce a faskara a hura wuta tunda yanzu akwai injin niƙa. Duk wanda ya taɓa ta, ni da shi.